Shin sai mawaƙi ya sha wuya waƙarsa take ratsa zuciya?

Ɗalibin Adabi:
Assalamu alaikum malamai. Ana yawan cewa wanda bai ɗanɗani wahala ba, waƙarsa ba ta shiga jiki, ana kafa hujja da Aliyu Namangi da Ɗan Maraya Jos. Haka ne, ko mu muke jingina musu? Kuma wanda ke cikin jimami, ya rubuta nan take ko ya jira?

Malam Mai Baiti:
Wa alaikumus salam. A wajen Namangi, makanta ta fi taɓa ginin waƙar, ba jigonta kaɗai ba. Wanda ba ya duba takarda a ka yake tsara baiti, ya rera, ya hardace, sannan wani ya rubuta masa. Dole baitin ya zama mai kamuwa a baki, in ba haka ba ya zube kafin gobe. Dubi waƙarsa Imfiraji: ƙwar biyar ce, wato kowane baiti ɗango (layi) biyar, ɗango huɗu na farko da ƙaramin amsa-amo (sautin ƙarshen ɗango) mai sauyawa, na biyar ya dawo da babban amsa-amo, kamar turken da ake komawa. Amma makanta ba ta koya masa karin waƙa ba, karatun zaure ne da yawan sauraro. Makafi nawa aka yi a Zariya a zamaninsa?

Hajiya Uwar Ɗalibai:
Ɗana, kada ka manta da Nana Asma'u. Tana yarinya ta ga hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa da mutuwar da suka biyo baya. Da ɗan'uwanta Muhammadu Bello ya rasu a 1837 ta yi masa marsiyya. Rashin nata ne, ba shakka, amma ma'aunin da ta zuba shi ciki daga ƙasidun Larabawa ta gado shi. Da Larabci da Fillanci da Hausa take waƙa, wannan kuwa aikin shekaru ne a gaban malamai.

Ɗan Tsirkiya:
Ni dai ina ganin kun rage wa rayuwa haƙƙinta. Ɗan Maraya ya tashi ba uwa ba uba a Bukuru, ya riƙe kuntigi mai tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ya yi wa karen mota waƙa lokacin da makaɗan fada ke wasa sarakuna. Wanda bai zauna a tasha ba, idonsa ba zai kai kan karen mota ba.

Malam Mai Baiti:
Gaskiyarka, malam, a nan ba musu. Sai tambaya ta biyu. Ka rubuta nan take, amma ba baiti ba: ka tara abin da ido ya gani, buta a inda mamacin ya bar ta, tabarmar da aka naɗe. Bayan mako biyu ko uku ka zaɓi kari ɗaya, ka auna kowane ɗango da gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, kana rerawa da ƙarfi. Inda harshe ya yi tuntuɓe, nan karin ya karye.

Waƙar da aka yi da zafi wuri biyu take lalacewa. Na farko, kalmomi irin su hawaye, ƙunci, baƙin ciki su cika ta, kowa zai iya faɗarsu, mai sauraro bai ga komai ba. Na biyu ya fi yawa: a kama amsa-amon "wa" saboda sauƙinsa, sai a yi ta liƙa shi ga kalmar da ba ta buƙata, ma'ana ta bi amsa-amo maimakon ya bi ta. Kafin ka soma, jera kalmomi ashirin masu wannan ƙarshe. In ba su kai ba, canja harafi.