Yarona ya kusa shekara 6 har yanzu yana fitsarin kwance, dan Allah shawara

Maman Abba:
Salam 'yan uwa. Yarona zai cika shekara 6 bayan sallah amma kusan kullum sai ya jiƙa katifa da daddare, da rana kam lafiya lau shi yake kai kansa banɗaki, ko a makaranta ba a taɓa kawo min ƙararsa ba, ƙanwarsa ma da take shekara 3 ta daina tuni. Da sanyin nan ya shigo abin ya ƙaru. Ni ba wankin ne ya dame ni ba, kakarsa ce ta ce a ɗaura masa kwaɗo a ƙugu a tara yaran gida su yi masa amalala, wai haka aka yi wa babansa ya daina. Wlh zuciyata ba ta kwanta da hakan ba, yaron har ya fara tashi da asuba yana cusa jiƙaƙƙen wandonsa a ƙarƙashin gado don kar a gani. Ya zan yi?

Ummu Sadiq:
Maman Abba dan girman Allah kar ki bari a yi masa. Yaron da yake ɓoye wando ai kunyar ta riga ta ishe shi, in aka tara masa yara har ya girma ba zai manta ba. Kuma kin ji da bakin Hajiya cewa babansa ma ya yi, to abin gado ne, ana gadonsa sosai. Ki sa leda a katifar ki ajiye masa wando da zani a gefe ya canza abinsa ba tare da an tashi gida ba.

Anti Nas:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, muna ganin irin wannan da yawa. Kafin shekara 5 ma ba a lissafa shi a matsala, kuma ko a shekara 5 kusan yara 15 cikin 100 suna yi, ya fi yawa a maza, duk shekara wasu na dainawa da kansu. Ba lalaci ba ne ba kuma ganganci ba. Akwai sinadarin da jiki yake ƙarawa da daddare ya sa ƙoda ta rage haɗa fitsari, a wasu yaran bai gama daidaita ba, sai mafitsara ta cika yaro kuma yana barci mai nauyi ƙwaƙwalwa ba ta tashe shi ba. Duka ba ya gyara ko ɗaya a ciki.

Amma ki duba min abu biyu. Yaya bayan gidansa? Iyaye da yawa ba sa lura, in kashi ya taru ya yi tauri yana danne mafitsara, ana magance shi sai ki ga fitsarin ya ragu. Sai kuma sikila, a nan Kano dole in tambaya, don masu ita ƙodarsu ba ta iya riƙe ruwa sosai shi ya sa sukan daɗe suna yi. In kuma da ya daina ne wata da watanni sannan ya dawo, ko yana kukan zafi in zai yi, ko kin ga jini a fitsarin kamar na tsargiya, ko ƙishirwa ta yi masa yawa yana ramewa, to kar ki zauna, ki kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin Malam Aminu Kano a gwada fitsarin da suga.

Baban Walid:
Mu dai hana ruwa muka yi daga magariba, sannan in zan kwanta in tashe shi ya yi. Ya taimaka.

Anti Nas:
Malam tashin yana hana katifa jiƙewa amma in ɗaukarsa ake yi yana magagi bai koyi komai ba, sai ya farka sosai ya taka da ƙafarsa. Ruwa kuma ragewa ake yi ba hanawa ba, ya sha isasshe da rana, a daina ba shi shayi da lemon kwalba da dare, ya yi fitsari daf da kwanciya. Mai sikila kam ba a hana shi ruwa sam. In ya kai shekara 7 yana yi akwai maganin da likita yake rubutawa, kar a saya a kemis da ka.

Maman Abba:
Na gode Allah ya saka. Anti an yi masa gwajin jini AA ne, bai kuma taɓa dainawa ba, amma maganar bayan gida kam kin taɓo wajen, yakan kwana biyu bai yi ba kuma sai ya yi ta nishi. Shayi ma kullum da shi yake kwana. Saura Hajiya, ni ba zan iya musu da ita ba.

Ummu Sadiq:
Ba ke za ki faɗa ba ai, ki sa babansa ya same ta ya ce ma'aikatan asibiti sun ce a bari a fara duba cikinsa. Ki dinga ba shi gwanda da miyar ganye kafin ku je.