Lambobin yaƙin Bama na kakanmu sun yi baƙi, da me ake goge su?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Muna kwashe kayan ɗakin kakanmu, Allah ya jiƙansa, sai ga wani gwangwanin alawa a ƙasan adaka, ciki akwai lambobinsa na soja guda uku da maɓallan riga masu hoton bishiya kamar dabino, ga kuma banati, wato wuƙar bakin bindiga, a kubensa. Ya je ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, lokacin yaƙin Hitila. Biyu taurari ne masu tsini shida, ɗaya zagayayya da kan Sarkin Ingila. Taurarin sun yi baƙi, ɗaya ma har da wani kore-kore a bayanta, banatin kuma tsatsa ta fara ci. Ƙanwata ta ce a sa toka da lemon tsami, na ce a dakata tukun in tambaya.

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya gafarta wa baba. Nemi Brasso da tsumma kawai, mu da shi muke goge kan bel da maɓalli kafin fareti, har ka ga fuskarka a ciki.

Mai Tara Tsoffin Kaya:
Ranka ya daɗe Saje a yi haƙuri, nan kam ban bi ka ba. Kayan fareti daban, wannan daban. Brasso ci yake yi, duk gogawa ɗaya yana kankare saman ƙarfen ne, shi ya sa za ka ga tsofaffin lambobi kan sarkin ya shafe ba hanci ba ido. Lemon tsami ya fi muni, taurarin nan gamin jan ƙarfe da zinki ne, tsami na iya mai da su ja-ja kuma ba sa dawowa yadda suke.

Malam abin da ke hannunka, in ƙyallen rataye ɗaya daga taurarin ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe to Burma Star ce, ɗayar mai yiwuwa tauraron 1939-45. Bishiyar kuwa tambarin RWAFF ne, rundunar sojan Ingila ta Afirka ta Yamma da aka ɗebi mutanenmu a runduna ta 81 da ta 82 aka kai su Bama, sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin na Kaduna da Chindit na Zariya duk daga can suka samo asali. Baƙin nan da ka gani ba datti ba ne, shi ke kare ƙarfen, masu saye ma sun fi daraja wadda ba a taɓa ba.

Koren ne abin dubawa. In ya kwanta sumul ƙyale shi, in kuwa gari yake yi yana zuba to gishiri da laima ne ke cin ƙarfen, sa tsinken sakace ka ɗauke shi a hankali, ban da allura ko reza, ka goge wurin da auduga da ɗan asiton (sinadarin da ke cire jan farce) ba tare da ya taɓa ƙyallen ba, in ya bushe sarai ka shafa kakin Renaissance Wax kaɗan ƙwarai. Ƙyallen kada a wanke, rininsa zuba zai yi.

Maƙerin Zamani:
Banati dai man keken ɗinki, ka bar shi ya kwana, da safe ka bi da soson ƙarfe mafi laushi mai lamba 0000 ba dannawa. Kar ka kai wa masu wasa wuƙa su ɗora a inji wallahi lambobin da ke gindinsa za su tafi. In kuben na fata ne ajiye su dabam-dabam, fata na riƙe danshi.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Koren gari yake yi kam. To ajiya fa, in sa su a leda?

Mai Tara Tsoffin Kaya:
Ban da leda mai laushin nan ta PVC, ita ma kore take jawowa. Akwatin roba mai murfi, kowace lamba ita kaɗai kada su gogi juna, ka jefa ƙananan ƙullin silika irin na kwalin takalmi ka riƙa canza su in damina ta kama. Ka riƙe su ta gefe, gumin hannu gishiri ne. Bayan wata ɗaya ka sake duba mai koren, in ya dawo turo hoto mu gani.