Neman shawara: an gayyace ni daren kiɗa a Wuse 2, me zan tarar a can?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san garin nan. Ban daɗe da fara aiki a Abuja ba, daga Zariya na zo. Wata abokiyar aikinmu an yi mata canji zuwa Legas, shi ne aka shirya mata liyafar bankwana ranar Juma'a da daddare a wani wurin shaƙatawa a Wuse 2, irin wanda ake ce wa launj. An ce akwai makaɗa da za su yi wasa a gaban jama'a da kayan kiɗansu, kuma wurin ya yi suna wajen haɗa koktel.

Matar nan ita ta riƙe ni tun ranar da na zo. Ita ta nuna mini aiki, har gidan haya ita ta taya ni nema. Ba na son a ce ban je ba. Amma ban taɓa shiga irin wannan wuri ba, ba na shan giya, kuma da mayafina nake fita. Shin kulob ne aka sake wa suna? Me zan sha? Nawa zan riƙe? Ƙarfe nawa ake tashi, tunda a Kubwa nake zaune? Wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya, kada a ɓoye mini komai.

'Yar Gwarinpa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba kulob ba ne, amma ki sani dare na iya mayar da shi kulob. Da farkon dare wurin zama ne: kujerun kushin, ƙananan tebura, fitilu an rage musu haske, mutane na hira suna cin gasasshen kifi ko fiffiken kaza ko tsire. Can gefe ɗaya akwai kanta inda ake haɗa abin sha, kwalabe jere a bayanta, a wani gefen kuma ɗan dandamali na makaɗa. Idan an rubuta za a fara ƙarfe bakwai, da wuya ki ji kiɗa na gaske kafin takwas da rabi ko tara. Wajen sha ɗaya zuwa sha biyu, idan makaɗan sun tattara kayansu, sai mai saka faifai ya karɓa, a ƙure sauti, wasu irin mutanen daban su fara shigowa. Wannan lokacin ne ba naki ba.

Maganar mayafi kada ta dame ki. A Wuse 2 da Maitama za ki ga masu abaya, masu atamfa da gyale, maza da kaftani da hula, babu mai kallon ki. Abin da wasu wuraren ke hanawa a ƙofa shi ne silifas na wanka da gajeren wando. Ki yi sallar Isha kafin ki fito, don ba kowane wuri ne za ki samu inda za ki yi alwala cikin natsuwa ba. Abu ɗaya da ke damuna a irin wuraren nan shi ne shisha. Dokar hana shan taba a rufaffun wuraren taruwar jama'a tana nan tun 2015, amma ba ko'ina ake bin ta ba. Idan wurin yana da fili a waje ko saman bene mai iska, ki roƙi masu shirya taron su kama tebur a can.

Tsohon mai haɗa abin sha, ɗan Jos:

Hajiya, ni Kirista ne, na yi wannan aikin a Jos sannan a nan Abuja kafin na koma wata sana'ar, kuma na yi wa Musulmi da yawa hidima. Bari in gaya miki abin da ba kowa zai gaya miki ba.

Koktel asalinsa haɗi ne na barasa da ruwan 'ya'yan itace ko lemon kwalba da sukari da ƙanƙara. Wanda ba a sa masa barasa ba shi ake kira moktel, kuma yawanci yana da sashensa daban a takardar abin sha. Matsalar ita ce a ido ba za ki bambance su ba. Kofi ɗaya ne, launi ɗaya, yankan lemon tsami ɗaya a baki. Suna ma yana ruɗi. Akwai wanda ake kira Long Island iced tea, mai jin sunan zai ɗauka shayi ne mai sanyi, alhali babu ganyen shayi a ciki, barasa ce kala biyar aka haɗa da ɗan Coke. Pina colada abarba ce da madarar kwakwa, amma da barasar rake a ciki. Mojito na'ana'a ce da lemon tsami da soda, shi ma haka, sai in kin ce a cire.

Sai babbar magana, Chapman. Kowa zai ce miki ki sha Chapman, ai ba giya ba ne. Gaskiya ne Fanta ne da Sprite da jan sirof da yankan kokwamba da lemo. Amma abin da ke ba shi ɗan ɗacin nan mai ƙamshi wani ruwa ne a ƙaramar kwalba, Angostura, da ake yi a ƙasar Trinidad da Tobago, kuma kashi 44.7 cikin 100 na abin da ke kwalbar barasa ce. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa, ba zai bugar da kowa ba, amma na san akwai waɗanda ko ɗigo ba sa so, kuma haƙƙinsu ne su sani. Wasu wuraren har Campari, wata barasa mai ɗaci, suke ɗan zubawa. Don haka ki ce wa mai kawo miki: "Chapman, ban da Angostura, ban da kowace irin barasa." Ki maimaita idan ya kawo. Ba zai ji haushi ba, kullum ana faɗa mana haka. In kuma kina son hankalinki ya kwanta gaba ɗaya, ki karɓi maltina ko ruwan roba a buɗe a gabanki. Idan kin tashi zuwa banɗaki kin bar kofinki, kada ki dawo ki ci gaba da sha, ki karɓi sabo.

Wani malamin makaranta a Garki:

'Yar'uwa, kin ce kada a ɓoye miki komai, to ga nawa. Akwai hadisin da ya hana wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya. Ba wai sai kin sha ba, zaman kansa ne abin dubawa. Na fahimci nauyin alherin da baiwar Allah nan ta yi miki, kuma rama alheri wajibi ne a kan ɗan halak. Amma hanyar ba ɗaya ba ce. Ki je gidanta ranar Asabar da turarenki ko turmin atamfa, ki zauna ku yi sallama a tsanake. Na tabbata zai fi zama mata a rai fiye da ganin fuskarki a cikin mutum ashirin ana kiɗa ba ta ma jin abin da kike cewa. Allah ya yi mana jagora.

'Yar Gwarinpa:

Malam ya faɗi gaskiya, ban ja da shi ba. Ni dai abin da zan ƙara, a ofisoshin Abuja ana cakuɗe ne, kuma wannan ba zai zama gayyata ta ƙarshe ba. Gara tun yanzu ki san inda kika tsaya, ki faɗa wa abokan aikinki a fili cikin ladabi. Ko kin je ko ba ki je ba, idan sun san matsayinki za su daina matsa miki, wani lokacin ma su sauya wurin taro saboda ke. A ofishinmu an yi haka, yanzu gidan abinci ake zuwa.

Mai kaɗa jita:

Anti, ni ina cikin masu hawa dandamalin, don haka bari in yi magana a kan kiɗan, tunda ban ga wanda ya taɓa shi ba.

Yawancin ƙungiyoyinmu mutum biyar ne zuwa bakwai: mai ganguna, mai jitar bes, mai jita, mai kibod, mawaƙi ɗaya ko biyu, wani lokacin da mai busa saksofon ko mai kalangu. Muna yin wasa zango-zango, kamar minti 45, mu huta kaɗan, mu dawo. Zangon farko shi ne mai sanyi: jaz, tsofaffin waƙoƙin soyayya, wani lokacin ma babu murya, kiɗa ne zalla don mutane su ci abinci su yi hira. A nan ne za ki ji gwanintar makaɗi, don babu hayaniyar da za ta rufe kuskure. Zango na biyu sai a shiga hailaif da rege da afrobit, mutane su fara rausaya a kujera. Na uku shi ne na rawa, ana bin waƙoƙin da ake yayi. Kusan duk abin da za ki ji waƙoƙin wasu ne muke maimaitawa, ba namu ba, don abin da masu wuri ke biya ke nan. Idan an ga teburin 'yan Arewa, mawaƙin kan jefo waƙar Hausa ɗaya ko biyu, ko da Hausar tasa ba ta nuna ba.

Wanda bai taɓa jin ganga da bes ana kaɗa su a ɗaki ɗaya da shi ba zai yi mamaki, don sautin har a ƙirji ake jin sa. Daɗin ke nan, haɗarin ma ke nan. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida cewa kada matsakaicin ƙarar sauti a wuraren kiɗa ya wuce desibel 100, amma ƙananan wurare ba kasafai ake aunawa ba. Kada ki zauna gaban lasifika. Ki nemi gefe ko baya. Idan sai kin ɗaga murya sosai kafin na kusa da ke ya ji ki, ƙarar ta yi yawa, ki fita waje kunnenki ya huta. Mu da muke cikinta kullum, da yawanmu muna kwana da ƙugi a kunne, ba abin wasa ba ne.

Kuma don Allah, in an gama waƙa a tafa. Mutanen nan tun la'asar suka zo suka ɗaura kaya suka gwada sauti, wasu daga Nyanya ko Mararaba, kuma sai tsakar dare za su kama hanya. Babu abin da ya fi ciwo kamar ka gama busa da dukan ƙarfinka ka ɗaga kai ka ga kowa na kallon waya.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar Chapman wallahi ban taɓa sani ba. Malam, maganarka ta shige ni, zan kira ta gobe in gaya mata halin da nake ciki, in ji ta bakinta. Idan ta kama in leƙa, zangon farko kawai zan tsaya in ba ta kyautarta in fito. Tambaya biyu suka rage: shin dole ne a yi wa makaɗa liƙi kamar a gidan biki? Kuma yaya ake biyan kuɗi idan an je a ƙungiya?

Mai kaɗa jita:

Ba dole ba ne ko kaɗan. Ki ma yi hattara: sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira ko taka ta a wajen biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun, kuma a 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu sanannun mutane a kan haka. Shi ya sa yanzu muke ajiye kwando ko mu kafa lambar asusu a gaban dandamali. Mai son a yi masa wata waƙa ko a ambaci sunan wadda ake yi wa liyafa sai ya rubuta a 'yar takarda ya ba mai hidima, ya haɗa da abin da ya sawwaƙa. Idan kin ga mawaƙi ya sauko da makirfo yana zagaya tebura, murmushi da girgiza kai sun isa, zai wuce.

Akanta a Jabi:

Kuɗi kuma, ki tambayi mai shirya taron tun kafin ranar: ofis ne zai biya, karo-karo ne, ko kowa tasa ta fisshe shi? Idan aka ce a raba daidai, ke da kika sha maltina za ki taya masu manyan kwalabe biya, kuma na san ba za ki so kuɗinki ya shiga can ba. Tun da kika zauna ki ce a rubuta naki daban. Farashin da ke takarda sau da yawa ba shi ne na ƙarshe ba. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, wanda ya fara aiki a Fabrairun 2020, wasu kuma su ɗora kuɗin hidima a kai. Ruwan roba ma ya ninka na shago. Wasu wuraren suna karɓar kuɗin shiga a daren da ake kiɗa, wasu kuma su ce kowane tebur sai ya kashe wani adadi. Ki duba rasit kafin ki miƙa kati, ki kuma riƙe 'yan tsabar kuɗi saboda na'urar POS kan ƙi aiki.

Uwar 'yan biyu, Kubwa:

'Yata, tunda unguwarmu ɗaya, ni hanyar dawowa ce ta fi damuna. Kada ki kuskura ki tsaya bakin titi da dare ki tare motar da ba ki sani ba, ko da kin ga mata a ciki. 'Yan wan cans, wato ɓarayin da ke ɗaukar fasinja kamar motar haya su yi masa fashi, da mata suke yaudarar mutane. Ki kira Bolt ko Uber tun kina ciki, ki duba lambar mota da fuskar direba kafin ki shiga, ki tura wa wani na gida bayanin tafiyar. Daren Juma'a kuɗin mota na tashi, kuma wasu direbobin na ƙin zuwa Kubwa idan dare ya yi, don haka goma ta yi miki a mota. In akwai abokiyar aiki mai bin hanyar Gwarinpa ko Dutse, ku haɗu, amma ki tabbata wadda za ta tuƙa ba ta sha komai ba.

Sannan a irin wuraren nan kowa waya a sama yana ɗaukar bidiyo, wasu masu wurin ma suna da nasu mai ɗauka don talla a Instagram. Ki zauna inda bayanki ke jikin bango, nesa da kantar kwalabe, in mai kyamara ya nufo teburinku ki ɗaga masa hannu ki ce ban da ke. Hoton rukuni kuma ki ce a fita waje a yi shi a bakin ƙofa.