Ɗiyata ta ci gasar JETS a makaranta, babanta ya ce ta bari

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle. Ɗiyata tana aji biyar na sakandare, nan Mabera muke. Tun tana ƙarama ita ce mai kwance rediyon babanta, mai haɗa ƙwan tocila da batir in an ɗauke wuta. Bara ta shiga JETS, ƙungiyar ɗalibai masu ƙere-ƙeren kimiyya da fasaha ta makarantarsu, ita da ƙawayenta biyu suka haɗa akwatin busar da tumatir da zafin rana. Asalin abin, mun je biki Goronyo ta ga ana shanyar kauɗa a ƙasa bakin hanya, ƙura na sauka, awaki na bi ta kai. Tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Akwatin na katako ne, cikinsa an shafe da baƙin fenti, sama gilashi, tsakiya raga. Iska na shiga ta ƙasa, ta yi zafi, ta fita ta sama da danshin. Na ga kauɗar da ta fito ciki da idona, jawur, ba yashi ko ƙwaya ɗaya, har miya na yi da ita. Sun zo na ɗaya a makaranta, yanzu za su je matakin jiha, in Allah ya sa sun ci sai na ƙasa. To babanta ya ce a'a, ta fita daga ƙungiyar gaba ɗaya. Kwana uku ke nan ba ta cin abincin kirki. Ya zan yi?

Injiniya: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki yarda a kashe wa yarinyar nan zuciya. Jelani Aliyu da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, nan Sakkwato ya yi sakandare, da zane a takarda ya fara. Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, tukunya ya sa cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi tsakani don kayan lambu su daɗe ba su ruɓe ba, ya samu kyautar Rolex a 2000. Abin da ɗiyarki ta yi irin wannan ne. Ki sa hannu a takardar izinin tafiya gasar kawai ta tafi.

Hajiya Babba: Injiniya, wanga zance naka ba shi da kan gado. Ta sa hannu bayan mai gida ya hana? Gobe in gida ya rikice kai za ka gyara? Ɗiyata, mi ne ne dalilinai? Ba ki faɗa muna ba.

Mai tambaya: Hajiya, ya ce tana kai wa la'asar a makaranta ranar Laraba da Alhamis, tana rasa Islamiyya. Kuma sakamakonta na lissafi ya ɗan sauka. Amma wannan ba laifin ƙungiya ba ne, zazzaɓi ta yi sati biyu lokacin jarrabawa.

Baban 'yan biyu: Ni dai babanta nake goyon baya. Ɗana haka ya yi shekara biyu yana haɗa ƙararrawar ɓarayi, ya kawo min kofi da takardar yabo, ya zo JAMB makinsa bai kai na likitanci ba. Jami'a ba ta tambayar kofi, kiredit biyar take so da Turanci da lissafi a ciki. Har yau abin na ci min rai. Ga shi a gasar ma, wasu wurin mai gyaran rediyo suka kai ya haɗa musu, yaran ko bayani ba su iya ba.

Injiniya: Alhaji, matsalar ɗanka rashin tsara lokaci ce. WAEC ɗin yarinyar nan sai baɗi wajen Mayu. Wanda ya gane dalilin da baƙin fenti ke riƙe zafi da hannunsa ya fi mai hadda. Hajiya, ki kai ta Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aikinsu ke nan, na'urorin girki da busarwa na rana. Kuma ta nemi ma'aunin zafi, ta riƙa rubuta zafin cikin akwati da na waje kowace awa, ta auna nauyin tumatir kafin da bayan. Alƙalai lissafi suke son gani.

Malama mai koyar da kimiyya: Ni nake riƙe da irin wannan ƙungiya a wata makaranta, shekara shida. Waya, gam, batir, duk daga albashina. In yara sun ci a ɗauki hoto da manya, in kuɗin mota ne kowa ya yi shiru, na gaji wallahi. Shawarata, Maman yarinya, ki tambaya wa zai raka su. In malama mace ce, ta zo gida da kanta ta gaida babanta da takardar makaranta. Da yawa iyaye tafiyar ce damuwarsu ba gasar ba.

Mai tambaya: Malama, namiji ne malaminsu, amma mutumin kirki ne, dattijo. Ni ban ga abin tsoro ba. Kuma ba zan iya bari dubu talatin da biyar ta tafi a banza ba, akuyata na sayar aka sayi gilashi da katako.

Hajiya Babba: Da saninai kinka sayar?

Mai tambaya: Akuyata ce Hajiya, ta gadon mahaifiyata. Ya ji daga baya, wurin kafinta.

Hajiya Babba: To ga inda gizo ke saƙa. Ba Islamiyya ba ce, ba a shawarce shi ba ne. Ki ba shi haƙuri, sannan ki samu yayansa ko mahaifiyarsa su yi mai magana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Injiniya: Haƙurin me, a kan dukiyarta? Hajiya, ki sa yarinyar ta kawo akwatin tsakar gida ta gwada masa, magana ta ƙare.

Mai tambaya: Na gode muku duka. Amma maganar surukata ku bar ta, tun farko ita ce ba ta son karatun nan. Kuma ban ga laifin da na yi ba da zan ba da haƙuri. Makaranta dai ranar Litinin suke son amsa.

Baban 'yan biyu: Ki nemo mata malamin lissafi da sauran kuɗin, in akwai.

Injiniya: Akwatin yana makaranta ne ko yana gida?