Abin da na tsinta a fada kan renon kwikwiyo

Jiya a fadarmu ta hira a unguwar Zariya, nan Maradi, na tambayi masu kiwon karen gadi yadda zan reni nawa. Baki ya zo ɗaya: kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Da ya cika wata 3 a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare. Wannan ta fi damuna, don gidanmu cike yake da yara. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu minti 15, sai asibiti.

Wani dattijo ya ce mini: "Ɗana, duka ba ya koya wa kare gadi, tsoro yake koya masa." Ragowar miya mai albasa kuwa guba ce ga kare. A riƙa duba kaska a kunnuwa.