Neman kalma: yadda tururuwa ke ba 'yar'uwarta ruwan zaƙi baki da baki

Malamar Kimiyya: Assalamu alaikum malamaina. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin yara na rediyo kan yadda tururuwa ke shan ruwan fure da ruwan sukari, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya, wato trophallaxis. Tururuwa kan sha ta cika wata jaka da ke gaban ainihin cikinta, ta koma gida, 'yar'uwarta ta tattaɓa ta da ƙahonninta, sai ta dawo da ɗigon bakinta ta ba ta. Ina neman sunan wannan, da na jakar. Ku taimaka, gobe da yamma zan miƙa rubutun.

Ɗan Kurmi: Wa alaikumus salam. Ɗura mana, Malama. Tantabara ma haka take yi wa 'ya'yanta.

Maman Biyu: A'a Yaya, ɗura da tilas a cikinta. Duk wadda ta taɓa matse yaro a cinya tana ɗura masa koko ta sani. A nan kuwa mai karɓa ce ke roƙo. Jakar dai ni salka zan ce, salkar ciki.

Malamar Kimiyya: Salka ta zauna daram! Da ma ruwan ba ya narkewa a can, ajiya ce kawai. Akwai wani ɗan ƙyaure tsakaninta da cikin narkarwa, sai ta buɗe shi kaɗan ya wuce don amfanin kanta. Jiya na ɗiga shayi a faranti, shazumamu suka kewaye ɗigon, ina kallo bayansu yana kumbura har fatar da ke tsakanin ɓawon jikinsu ta fito fili tana ƙyalli.

Ɗan Kurmi: To amayarwa fa?

Maman Biyu: Haba, a shirin yara? Kuma abin da bai kai ciki ba ai ba amai ba ne.

Tsohon Malami: Ku dakata 'ya'yana. Kalmar tana nan a ƙirar harshenmu: shayayya. Yadda ci ya ba da ciyayya, so ya ba da soyayya, ja ya ba da jayayya, haka sha zai ba da shayayya. Ba'amurken da ya ƙirƙiro ta Turancin a 1918, William Morton Wheeler, kalmomin Girkanci biyu ya haɗa, ciyarwa da musaya. Abin da ya nema da kalma biyu, mu ɗafi ɗaya, wato -ayya da ake liƙawa a ƙarshen kalma, ya ba mu.

Malamar Kimiyya: Na gode Baba, ta yi daɗin faɗa. Damuwata kada yaro ya ji kamar taruwa suke suna sha a ƙwarya ɗaya. Sannan ga yadda tururuwan ke shan ruwan. Yawancinsu zuƙa suke yi: su dafa harshe a kan ɗigon, wani famfo da ke cikin kansu yana buɗewa yana matsewa. Wasu kuma lasa suke, su tara ɗigo tsakanin muƙamuƙansu su kai gida haka. Binciken Roxana Josens a Ajantina ya nuna mai jin yunwa ta fi saurin buga famfon, kuma idan sukari ya yi yawa ruwan kan yi kauri, zuƙar ta yi wuya.

Tsohon Malami: Famfo kuma? A nan muke rabuwa da ku 'yan zamani. Maƙeranmu sun yi ɗaruruwan shekaru da zugazugi, mai buɗewa ya matse kamar yadda kika kwatanta, amma sai mu je aron famfo? Kullum haka ake yi, shi ya sa Hausar rediyo ta zama faten aro.

Ɗan Maraɗi: Gafarta Malam, zugazugi iska yake hurawa waje, wannan kuwa ruwa yake ja ciki. Kuma sukarin da muke ta faɗa tun ɗazu ba daga Larabci muka aro shi ba?

Tsohon Malami: Aron Larabci daban, ya daɗe ya zama ɗan gida.

Ɗan Maraɗi: Famfo ma ya kwana biyu. Abin da ke damuna shi ne duk lokacin da aka zo zaɓen kalma, sai a zauna a Kano a yanke, mu na Nijar a aiko mana. Mu ma fa muna sauraron shirye-shiryen nan.

Ɗan Kurmi: Wa ya kawo zancen Kano? Baba ma Bakatsine ne.

Ɗan Maraɗi: To Katsina da Maraɗi ai uwa ɗaya uba ɗaya, ban ƙi ba. Malama, ga tawa gudummawar: kada ki manta darɓa. Duk manomi ya san danƙon nan mai zaƙi a ganyen dawa, da yadda tururuwa ke bin ƙwarin da ke fitar da shi. Da shi yaron karkara zai fi saurin ganewa, ba da fure ba.

Malamar Kimiyya: Wallahi ban tuna darɓa ba, da ita zan buɗe shirin. Ga inda na tsaya: salkar ciki, zuƙa da lasa, famfon zuƙa. Babbar kalmar zan ce "shayayya, wato shayar da juna baki da baki", in maimaita bayanin sau biyu. Baba, a yi mini afuwa kan famfon.

Tsohon Malami: Kalmar da sai an rakata da bayani ba ta tsaya da ƙafarta ba tukuna, amma na yarda ta fita haka. Famfo dai ban sa hannu ba. Ki ce mazuƙi ko sau ɗaya ne, yara su ji shi.

Malamar Kimiyya: Sau ɗaya, Baba, in sha Allahu.