Wane ice ne ke jure wutar lofe?

Mai tambaya, Kawo:
Salamu alaikum. Masu sassaƙa, wane ice ya dace da kan lofe, kuma me zan fara saya a kasuwar Fanteka ta Kaduna?

Masassaƙi, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Turawa da saiwar briar suke yi, wani ice na ƙasashen Bahar Rum irin su Italiya da Girka da Aljeriya, wanda sai an dafa shi a ruwa an shanya watanni. A nan kirya ce ta fi kusa, wadda ake turmi da ita. Tauri gare ta, sai dai nauyi, kuma tana cin bakin dirila. Maɗaci yana sassaƙuwa da daɗi, amma bai kai ta jure wuta ba. Katakon da aka haɗa da gam ko aka shafa wa maganin gara kuwa, kada ka kusance shi, guba za ka zuƙa.

Ko wanne ka ɗauka, ya bushe ƙayau. In ka huda ɗanye, hunturu na kamawa ka wayi gari ya tsage. Narka kyandir ka shafe bakin guntun gaba da baya, ka ajiye a inuwa. Mai kaurin santimita 5 yana son fiye da shekara.

Kafinta, Rigasa:
Malam ya gama magana kan ice. Ɗan'uwa, ka yi huda tun guntun yana da kusurwa huɗu, lokacin da bais, wato ƙarfen matse katako, zai riƙe shi gam, sassaƙa daga baya. Ramin taba faɗin milimita 19 ko 20, zurfi 35 zuwa 40, gindinsa a zagaye. Ka bar bango aƙalla milimita 7, in ya fi haka siranta ba ya riƙuwa don zafi. Hanyar hayaƙi milimita 4, kuma ta ɓullo daidai gindin ramin, a tsakiya. Nan mutane ke kasawa. In ta ɓullo sama, tabar ƙasa ba ta ci, sai ta jiƙe ta yi ɗaci. In ta wuce ƙasa, gindin ya yi siriri, wuta ta ci shi. Ka zana layukan biyu da fensir a gefen guntun kafin ka kunna dirila, kana hudawa kana zarowa kana kakkaɓe gari, in ba haka ba siririn bakin ya kauce.

Kayan aiki ba yawa: bais, dirila, zarto, magagari, sanfefa mai lamba 120, 220, 400, 600, daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Mai tambaya:
To, sandar fa, Oga?

Kafinta:
Siririyar gora, a fasa gaɓoɓin da waya mai zafi. Ƙaho ya fi kyau a baki, in an dafa shi yana lanƙwasuwa. Robar famfo da bututun ƙarfe mai rufin tutiya, a'a.

Dattijo, Unguwar Mu'azu:
Yara, kun manta yumɓu, alhali shi ne tukunyar taba ta asali. A tace tsakuwa, a huda tun yana da danshi, a ƙara girman ramin kaɗan don yana tsukewa wajen bushewa da gashi. Ba ya ƙuna, sai dai zafi a hannu, kuma faɗuwa ɗaya ya tashi aiki. Mai koyo ya fara da busasshiyar totuwar masara, in ta lalace ba asara.

Masassaƙi:
Gaskiya ne, Baba. Kuma kada a shafa banish, zafi na sa shi kumbura ya ɓare. Kakin zuma kaɗan a waje, a murza da tsumma. Cikin ramin a bar shi haka nan.